Dashen Itace Sadaka Ne

Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sanya dashen itace cikin sadaka, matuƙar mutum ko tsuntsu ko dabba sun ci daga gare shi. To, amma ga sadakar yanzu: a ƙulla abinci a leda, almajiri ya ci ya yar, ledar ta toshe kwata ko ta kashe akuyar maƙwabci. Ciyarwa da lada, amma cutar da maƙwabci haramun ne. Mai hali ya raba a kwano, sa'an nan ya dasa mangwaro a ƙofar masallaci, ya biya mai ban ruwa har ya kama, musamman a ƙasar Katsina da Sakkwato inda hamada ke matsowa.