GUZURIN ALHAJI: A RABA SHI BISA KWANAKI

 

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa mutanen Yaman sun kasance suna fita hajji ba guzuri, suna cewa su masu tawakkali ne, in sun isa Makka sai su shiga roƙon mutane. A kansu ne aya ta 197 ta Suratul Baƙara ta sauka da umarnin yin guzuri. A yau da wuya a sami maniyyacin da zai hau jirgi a Yamai aljihunsa wayam. Abin da muka gani da idonmu shi ne wanda ya taso da guzuri isasshe, ya cinye shi a kwana goma na farko, ya wayi gari a Mina yana bin tantunan ƴan garinsu yana neman rance. Shi da wancan mutumin Yaman makomarsu guda, sai dai shi bai ma da hujjar tawakkali.

Wani zai ce ai Malikiyya ba su sharɗanta guzuri ba ga mai sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya. Haka ne. Da wannan kakanninmu suka ratsa Cadi da Sudan da ƙasa, suna tsayawa aikin auduga shekara da shekaru kafin su ƙetare Bahar Maliya. To amma bizar hajji ta yau ba ta ba mutum izinin aiki. Abin da ka taho da shi, shi ke nan gare ka.

Farkon abin da ke ruɗin mutanenmu shi ne canji. Riyal ɗaure yake da dalar Amurka tun 1986, dala guda riyal 3,75. In dalar tana sefa 600, riyal guda sefa 160 ke nan, wato dala talatin da biyu a ƙidayarmu ta kasuwa. Takardar riyal goma, wadda alhaji ke miƙawa kamar ba kome, ta fi jika ɗaya da rabi. Dattawan da suka ga karyewar sefa a Janairun 1994, lokacin da guzurin da aka daɗe ana tari ya koma rabi a dare guda, sun san wannan darasi. Matasa ne ke bukatar tuni.

Saboda haka tun a gida, kafin ranar rakiya, maniyyaci ya zauna da alƙalami. Ya fara da haƙƙin da ke baya: cefanen iyali har ya komo, da bashin da lokacinsa ya yi. Sannan ya tambayi masu shirya tafiyarsa a fili: abinci na cikin kuɗin kujera ko babu? Hadaya fa? Mai tamattu'i ya ware kuɗin hadayarsa, kada ya taɓa. Azumin kwana goma, uku a hajji bakwai bayan komowa, rangwame ne ga wanda bai samu ba. Abin kunya ne mutum ya fake da shi alhali kuɗin ragon ya tafi ga agogo da darduma.

Mu buga misali. Mutum na da riyal 2000, zai yi kwana 30. A ce hadaya 750, a aje 250 domin rashin lafiya ko ɓatan hanya, tsaraba 400. Saura 600, wato riyal 20 a yini. A cikinsu ne kuɗin mota, da katin waya, da wanki, da aski, da shayi. Ya ƙulle na kowane mako dabam. Ranar da ya ci 30, gobe ya ci 10. Ya sani kuma farashi na hawa in Arfa ta gabato, kuɗin mota ya fi kome; kuma tsoho ko maras lafiya na iya bukatar mai tura shi a keke wajen ɗawafi da sa'ayi, wannan kuwa ba araha ba ne. Zamzam kyauta ne a Harami, kada a ɓata riyal ga lemon kwalba.

Tsaraba ita ce babban rami. Wanda aka fara sauke shi a Madina yakan ga dabino da jallabiya, ya tuna surukai da maƙwabta, ya manta aikin hajjin bai ko soma ba. A bar sayayya sai an gama jifa da ɗawafin ifada. Mu ma na gida da laifinmu: kowa ya zo sallama sai ya bar saƙo, ba ya barin ko dala. Wanda ke son jallabiya daga Makka ya ba da kuɗinta, ya haɗa da na awon kaya a filin jirgin Jidda.

Allah ya kai maniyyatanmu lafiya, ya komo da su lafiya. Amin.