Ciwo Biyu a Mota Ɗaya

A watan Disamba, lokacin da hunturu ya kankama, wani direban J5 mai ɗauko dankalin Turawa daga Jos ya shigo wani gareji a Kano, ransa a ɓace. Ya ce kullum da asuba sai an tura motar kafin ta tashi, in kuma ya hau hanya allurar zafi ba ta ɗagawa, ga shan mai.

Yaron garejin ko bonet bai buɗe ba ya ce, "Oga, tamostat ce. A cire ta a jefar, ƙasarmu ai ba ta sanyi ba ce." Wannan fatawa ta yi yawa a garejojinmu, kuma ta kashe injuna ba kaɗan ba.

Maigidan bai tanka masa ba. Ya dubi direban ya ce, "Malam, in ta tashi da safen, wane irin hayaƙi take yi?"

"Fari fat, tana kakkarwa. Can sai ta daidaita."

Sai maigidan ya ce a bar ta ta kwana. Da sassafe ya kwance hita guda huɗun da ke jikin injin, ya riƙa jona su da batir ɗaya bayan ɗaya. Biyu bakinsu ya yi jajawur nan take, biyu ko ɗumi ba su yi ba.

"Ka gani? Injin gas ba shi da fulogi mai tartsatsi irin na fetur. Iska yake matsewa har ta yi zafin da zai kunna mai. In ƙarfe ya kwana cikin sanyi sai ya shanye zafin, shi ya sa ake buƙatar hita. Farin hayaƙin man da bai ƙone ba ne. Ina ruwan tamostat da wannan? Aikinta sai injin ya tashi yake farawa."

Yaron ya ce, "To allurar fa, Oga?"

"Wannan ciwo ne daban."

Suka sa sababbin hita, bugu ɗaya motar ta tashi. Maigidan ya sa yaron ya riƙe tiyon sama na lagireto. Tun injin bai yi zafi ba tiyon ya fara ɗumi. Maigidan ya ce da tamostat ɗin lafiya take, da tiyon ya zauna da sanyinsa har sai ruwa ya haura digiri 80, sannan ta buɗe masa hanya. Da suka ciro ta, sai ga ta a wangame. Ya aiki yaron Ƙofar Ruwa ya sayo wata, ya karɓi tafasasshen ruwa wurin mai shayi, ya tsoma ta. Suna kallo ta buɗe a hankali, da ta huce ta koma ta rufe.

Direban ya ce, "Da an cire ta fa gaba ɗaya?"

"Da ka ci gaba da turi da asuba, injin na gudu da sanyi, gas na ƙarewa a banza." Ya miƙa wa yaron sufana. "Kai za ka ɗaura. Ka duba fuskarta, kada ka juya ta baibai."