Gargaɗin Muridi a Kan Ƙayoyin Hanya, Daga Goyo Zuwa Kushewa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa ma'abota wuridi na ƙasar Dutse da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, ku sani rayuwar ɗan Adam tafiya ce zango zango, kowane zango da ƙayarsa. Shaihu Ibnul Jauzi ya kasa shekarun mutum kashi biyar, ni na taƙaita su huɗu saboda ƙarancin takarda. Abin da nake nufi ku riƙe shi ne, galibin ƙayar da ke sukan na baya, na gaba ne ya yar da ita.

Fasali na farko, ƙuruciya. Ƙayarta yunwa ce da jahilci, kuma alƙalami bai hau kan yaro ba, yana kan ubansa. Kai da ka miƙa ɗanka ga malami babu guzuri babu ziyara, ya wuni da ƙoƙo a kasuwar Shuwarin, ka sani Alƙur'ani ba ya zama a zuciyar da tunanin tuwo ya cika. Mun gani a shekarar 2020, lokacin annobar korona, yadda aka riƙa kwaso almajirai cikin motoci ana mai da su jihohinsu. Wannan kunya tamu ce, mu iyaye da malamai. Haka 'ya mace. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zargi malaman da ke karantar da almajirai suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu, 'yarsa Nana Asma'u kuwa ta aika jajis ƙauyuka suna koya wa mata addini.

Fasali na biyu, samartaka. Ƙayarta zaman banza ne da gaggawa. Saurayin da ba a danƙa masa fartanya ko sana'a ko littafi ba, Shaiɗan zai danƙa masa kwalba. Hukuma ta hana maganin tari mai kodin a shekarar 2018, amma hukuma ba ta iya shiga zuciya. Ku tuna daren Majiya ta ƙasar Taura, cikin watan Oktoba na 2024, da motar mai ta faɗi, jama'a suka fito ɗiba, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙan su. Kada harshenka ya taɓa su, ya kai muridi. Tambayi kanka, wane matsi ne ke kai mutum bakin wuta da tsakar dare, kuma me ka taɓa yi wa saurayin maƙwabcinka?

Fasali na uku, magidanci. Ƙayarsa riya ce da bashi. Ya sayar da geronsa da kaka da araha domin a ce lefen ɗansa ya fi na wane, sa'an nan ya sayo shi da tsada tsakiyar damina. Tun da Dutse ta zama babban birnin Jigawa a 1991 ƙasa ta yi daraja, mutane da yawa suka sayar da gonar gado, kuɗin ya ƙare, 'ya'ya suka tashi babu inda za su kafa fartanya. Ambaliyar 2022 jarrabawa ce daga Ubangiji, ita haƙuri ake yi mata. Amma rumbun da ka buɗe da hannunka domin yabon mutane, wannan tuba yake bukata.

Fasali na huɗu, tsufa, shi ne zangon da nake ciki. Ƙayarsa dogon buri ne da jiji da kai. Tsoho ya riƙe gona bai nuna iyaka ba, bai rubuta bashin da ke kansa ba, yana cewa sai gobe, har a kai shi makwancinsa 'ya'ya su wuce gaban alƙali. Ni kaina na daɗe ina jinkirta neman gafarar wani ɗan'uwana da na ɓata wa, ina cewa sai bayan Salla, sai ga shi ni na yi masa sallar gawa. Wannan ƙaya tana ƙafata har yau.

Ku dubi dabinon Dutse. Mai dasa ƙwallo yana ban ruwa shekaru bai ma san mace ce ko namiji ba, kuma da yawa masu cin 'ya'yan ba su san wanda ya dasa ba. Haka hidimar na baya take. Lazimi da wazifa da zikirin Juma'a wanka ne ga zuciya, amma ba su sauke haƙƙin ɗa da mata da maƙwabci. Saboda haka yau, kafin ka shimfiɗa buzunka, cire ƙaya ɗaya daga hanyar wanda ke bayanka: kai wa almajiri abinci, ko ɗauki saurayi a sana'arka, ko rubuta wasiyyarka.

Allah ya sa mu cika da imani. Wanda ya karanta ya sa marubucin cikin addu'a. Ya cika da godiyar Allah.