Kafin Mu Rushe Bangon Kicin

Wani yayi ya shigo wa masu gyaran tsoffin gidaje: a rushe bangon da ya raba kicin da falo, wuri ya zama fili guda, mai girki tana juya miya ana hira da ita. A hoto abin gwanin sha'awa. Amma kafin mu ɗauki guduma, ya kamata mu tambayi kanmu: wa zai ci moriyar faɗuwar bangon nan, wa kuma zai yi asara?

Matsattsen kicin na zamani yana da tarihi. A 1926 wata mai zanen gine-gine 'yar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara shi don gidajen ma'aikata a Frankfurt ta Jamus, faɗinsa bai kai mita 2 ba. Nufinta ta rage wa mace kai-kawo, ta kuwa rage. Sai dai ɗaki ne na mutum ɗaya, mai girki ta koma ita kaɗai. Yawancin gidajenmu na birni haka suke a yau, alhali kakanninmu a tsakar gida suke girki: wannan na daka, waccan na tankaɗe, yara na miƙo itace. Kewar wannan zama ce ke sa mu ƙyashin bango.

Mu masu rubuta manhajar kwamfuta muna da ƙa'ida: ba a goge tsohon layi sai an san aikin da yake yi. Haka bango. Wani shi ke ɗauke da rufi, sai an tokare da ginshiƙi kafin a taɓa shi. Wani kuma nauyinsa ba ya ganuwa. Yana tare ƙaurin suya, yana rufa asirin gida ranar da miya ba nama, yana barin uwargida ta cire ɗankwali ko da baƙo a falo.

Tsakar gida ta haɗa kawuna ne domin kowa da aiki a hannunsa. In muka rushe bango, muka baje a kujera kowa da wayarsa, mun ƙwace wa mai girki sirrinta, mun kuma mayar da wahalarta abin kallo. Don haka ita ce ta fi cancanta ta yanke hukunci. In ta amince, duk wanda ya goyi bayan rushewar ya ɗauki alkawari: maigida ne ko ɗa namiji, ya matso ya yanka albasa, ya wanke tukunya.