Laifin Mai Kallo



Kwanan baya, bayan an tashi daga Misa, wani saurayi ɗan Runka ya tare ni da tambaya: shin akwai zunubi a kallon finafinan da ke ba da tarihin rayuwar 'yan kokawar Turawa? Ya nuna mini guda a wayarsa, mai suna Beyond the Mat, wanda aka yi a Amurka a 1999. Na kalla, ban kuwa yi barcin kirki ba a daren.

A cikinsa akwai inda aka ɗaure hannuwan Mick Foley ta baya, ana ta maka masa kujerar ƙarfe a ka, matarsa da ƙananan 'ya'yansa biyu suna zaune a gaba suna kuka, jama'a kuwa na sowa. An ce wasan shiri ne, an san mai nasara tun kafin a fara. Haka ne. Amma ƙarfen ba na shiri ba ne, hawayen yaran ma haka.

Da fari na ce wa saurayin fim ɗin alheri ne, domin ya kware mana zane, mun ga mutum a inda muke ganin dodo. Daga baya zuciyata ta ƙi kwanciya da wannan amsa. Bilatus ma, kamar yadda Yohanna ya rubuta a sura 19, ya fito da Ubangijinmu jina-jina gaban taro, yana zaton ganin rauni zai haifi tausayi. Taron ƙara ihu ya yi. Mai yiwuwa ne mutum ya biya kuɗi ya kalli ƙato yana dukan ɗan'uwansa, bayan shekara ashirin ya sake biya ya kalle shi yana ɗingishi da sanda, ya kira na biyun jinƙai, alhali marmarin kallon nan ne bai ƙoshi ba.

Ba kokawa nake tuhuma ba. Kakanmu Yakubu ya kwana yana yinta a bakin rafin Yabbok. A Runka da ƙauyukan Safana da Batsari mun gaji kokawar kaka: a kaɗa ganga, a yi kirari, wanda ya sha ƙasa ya kaɗe jiki ya tashi. Maƙwabtanmu na Nijar tun 1975, da aka fara a Tawa, suke gasar takobi. Bambancin shi ne, mai kallo a dandali ya san uban ɗan kokawar, in haƙarƙari ya karye, da shi za a ɗauka zuwa gidan maɗori. Mai kallo ta waya ba ya ɗaukar kowa.

Na tambayi saurayin ko akwai tsohon ɗan kokawa a unguwarsu. Ya ce akwai, wanda a dā ba a kai bayansa ƙasa ba, yanzu gwiwa ta hana shi noma. Na ce wa ke yi masa huɗa bana? Ya yi shiru, ya mayar da wayar aljihu.