Zawo Ba Waraka Ba Ne: Hattara da Shayin Wankin Ciki

Jama'ar Gidan Sori, Gidan Runji, Agye da Gazawa, wata annoba ta shigo mana, kuma da lasifika ta zo. Duk kasuwar da ta ci, tun daga Tsibiri har Cadawa, ba ka rasa mota ko babur da amsa-kuwwa a kai, ana yi wa garin magani kirari. Wani a ƙulle cikin leda, wani ruwa ne baƙi ƙirin a gorar roba. Wai a dafa kamar shayi, a sha safe da dare. Wai yana wanke dattin ciki, yana maganin zahi da basir da olsa da shawara da taifot da sanyi, yana rage tumbi, har ya ƙara wa maigida kuzari. Duk a ƙulli guda na 'yan daloli. Abin ya wuce kasuwa, ya shiga rediyo da WhatsApp da TikTok, ya faɗa butar shayin fada, ya kai har bakin jariri. Wannan ciniki yana cin ƙoda, yana cin hanta, yana kuma cinye abin da mara lafiya ba ya iya saye da kuɗi, wato lokaci.

Kada wani ya ce ana zagin gadonmu. Sabara da geza da tsamiya da citta da kanumfari da na'a-na'a sun daɗe suna yi wa Bahaushe aiki. Gezar da ke bayan gonakinmu ita ce kinkelibar da mutanen Senegal da Mali suke karya kumallo da shayinta. Citta tana kwantar da tashin zuciya, jiƙon tsamiya yana sassauta cikin da ya cushe. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ware 31 ga Agusta ta kowace shekara domin maganin gargajiyar Afirka. Amma tsohuwar da ke dafa wa jikanta sabara ta san abu uku: sunan ganyen, yawan da za ta zuba, da ranar da za ta daina. Mai lasifika kuwa ukun nan duka yake ɓoyewa. Tambaye shi abin da ke ciki, ya ce sirrin gidansu ne. Tambaye shi awo, ya ce kofi ɗaya, ko kofin wa oho. Tambaye shi yaushe za a daina, ya ce sai datti ya ƙare.

A kan wannan datti aka gina kasuwar gaba ɗaya. An cusa mana cewa ciki tulu ne da ke yin gansakuka, sai an riƙa ɗauraye shi. Ba haka Allah ya halicci hanji ba. Yana fitar da abin da ya kamata ya fitar da kansa, kuma a cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da ke taimakon narkar da abinci. Yawancin abin da ake kira shayin wankin ciki maganin sa zawo ne kawai, irin filasko da danginsa. Sinadarin da ke cikin ganyen filasko yana tsokanar babban hanji ya riƙa murɗawa, ya kuma hana shi tsotse ruwa. Bayan wasu awoyi sai mutum ya kama zarya zuwa bayan gida. Da ya ga abin da ya fita sai ya ce, “Kai, maganin nan yana aiki!” Alhali abin da ya zubar ruwan jikinsa ne da gishirinsa, musamman sinadarin potasiyam wanda bugun zuciya ya dogara da shi. Shi ya sa ko a asibiti, inda ake ba da ƙwayar da aka yi da wannan ganye, ba a yarda a wuce mako ɗaya ko biyu ana sha ba tare da likita ba. Wanda ya mayar da shi shayin kullum, wata rana hanjinsa yana iya ƙin motsi sai da shi. Nan mai talla ya samu abokin ciniki na har abada.

Ƙaton saurayi yana iya jure zawon kwana biyu ya tashi. Tsoho mai hawan jini ko ciwon sukari ba lallai ne ya tashi ba, domin ƙodarsa dama a gajiye take, rashin ruwa yana iya tsayar da ita. Mai juna biyu tana haɗiye abin da ba wanda ya taɓa gwada illarsa ga ɗan cikinta. Yaro kuwa shi ne abin tausayi. Mun ga abin da zawo ke yi a kwalarar 2018 da ta fara daga gundumar Madarunfa, da ta 2021 wadda jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Abin da ke kashe mai kwalara shi ne ƙarewar ruwan jiki. To yaya za a yi uwa ta sa kuɗinta ta sayo wa ɗanta zawo, a yankin da tamowa ke kwantar da yara kowace damina? Har jinjirin da bai yi arba'in ba ana ɗura masa dauri, yanzu ma ba wanda kakarsa ta haɗa ba, na kasuwa. Jariri ba ya bukatar komai sai nonon uwa har wata 6, ko ruwa ma ba ya bukata. Cikinsa ba shi da dattin da za a wanke, kuma hantarsa ba ta yi ƙwarin tace abin da ake ɗura mata ba.

Ita kanta gorar abin tsoro ce. An tsinto ta ne a juji ko a tasha, an cika ta da ruwan da ba a san rijiyarsa ba, ta wuni cikin ranar bazara tana tsami. Ta ruwa da abinci marasa tsafta taifot da kwalara ke shiga jiki. Sai ga mutum ya sayi maganin taifot, ya sha taifot ɗin.

Babbar illar ita ce jinkiri. “Ciwon ciki” suna ne guda da ya rufe cututtuka da yawa, wasu ba su da magani sai wuƙar likita. Taifot idan ta kai mako na biyu ko na uku ba a yi mata maganin da ya dace ba, tana iya huda ƙaramin hanji, ƙazanta ta malala cikin ciki. Masu aikin tiyata a Maraɗi da Galmi sun san wannan ciwo sarai, kuma yara ya fi kamawa. Yaro yana zazzaɓi, ciki ya ɗaure kamar dutse, gida kuma ana ta dafa masa shayi ana jiran datti ya fita. Haka wanda hanjinsa ya toshe ko ya ƙulle, ko ƙaba ta shaƙe: ba shi maganin zawo tamkar ingiza shi ne zuwa kabari. Kowace awa da ta wuce ragi ce daga damar da yake da ita ta rayuwa.

Olsa ma an gano asalinta tun 1982. Likitoci biyu 'yan Ostiraliya, Barry Marshall da Robin Warren, sun nuna cewa wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori ce ke haddasa mafi yawan gyambon ciki, aka ba su lambar yabo ta Nobel a 2005. Maganinta haɗin ƙwayoyi ne na kwana 10 zuwa 14. Sauran gyambon galibi daga yawan shan ƙwayoyin ciwon jiki ne, irin diclofenac da ibuprofen da aspirin, waɗanda manoma ke afawa bayan wunin noma. Shayi yana iya lafar da zafin na ɗan lokaci, gyambo kuwa yana nan yana ci har ya fara zubar da jini. Jinin da ake gani a bayan gida a ce basir ne ko ɗankanoma, wani lokaci atini ne, wani lokaci ciwon daji ne na hanji. Shawara kuma alama ce cewa hanta ko jini na cikin matsala. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a ƙasashenmu. Hantar da ke fama da kanta ita ake ɗora wa aikin tace saiwoyi goma da ba a san sunansu ba.

Masu talla suna cewa, “Ai itace ne, ba ya cutarwa.” Tumfafiya ma itace ce, haka zaƙami, kuma duk suna cutarwa. A farkon shekarun 1990, a birnin Burusel na ƙasar Beljiyam, wani asibitin rage ƙiba ya riƙa ba mata haɗin tsirran ƙasar Sin. Aka yi kuskure wajen sayen kaya, wata saiwa ta maye gurbin wata. Fiye da mutum 100 ƙodarsu ta lalace, da yawa suka koma wankin ƙoda ko dashe, wasu daga baya suka kamu da ciwon daji na hanyar fitsari. Tsiron da ya yi wannan ɓarna ɗan gidan Aristolochia ne, kuma yana da ɗan'uwa a ƙasar Hausa: duman dutse, wanda wasu ke kira maɗacin ƙasa, ana kuma sha don ciwon ciki. Idan haka ta faru a inda ake da likitoci da takardun shigo da kaya, wa ya duba buhun da aka daka a bayan shago?

Wani lokacin ma ba itace kaɗai ba ne. A ƙasashe da dama an gwada shayin rage ƙiba aka tarar an barbaɗa masa sibutramine, ƙwayar da Turai da Amurka suka janye daga kasuwa a 2010 saboda tana jawo bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Kusa da mu kuwa, a watan Yunin 2023 hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna ta Najeriya ta kama mai haɗa maganin da aka fi sani da Baban Aisha, ta kuma sa a kwashe maganin daga kasuwa, bayan binciken jaridar Premium Times da gwajin masana sun nuna yana iya lahanta ƙoda da hanta. Shekaru ana shansa kafin a farga. Mu da ke bakin iyaka mun san abin da ake sayarwa a Kano da Katsina da Jibiya ba ya kwana bai iso Maraɗi ta Ɗan Isa ba. Lambar rajistar da aka buga a jikin kwalba ba hujja ba ce, domin mai buga takarda ba ya ƙin aiki.

Gaskiya ne mutane ba don wauta suke saye ba. Likita tana da nisa, a damina hanya takan yanke, kuma tun 2019 rashin tsaro ya sa tafiyar dare a karkarar Gidan Runji ta zama kasada. Tun 2006 gwamnati ta ce kula da yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, amma sau da yawa sai a rubuto takarda a ce a je farmasi. Mai lasifika kuma ga shi a ƙofar gida, da fara'a da araha. Sai dai araharsa ta yaudara ce. Ƙullin 'yan daloli idan ya kashe ƙoda, wankinta ba a ƙaramar likita ta CSI ake yi ba, sai manyan asibitoci, sau biyu ko uku a mako, har ƙarshen rayuwa. Sai an sayar da akuya, a sayar da saniyar huɗa, a jinginar da gona.

Saboda haka nauyi yana kan kowa. Hukumomin kiwon lafiya da magadan gari su hana tallan magani da lasifika a kasuwanni, su ɗebi samfuri su aika ɗakin gwaji na ƙasa, LANSPEX, a Yamai a gwada, a kuma faɗa wa jama'a sakamakon da Hausa. Gidajen rediyo su sani kuɗin tallan da suke karɓa na iya zama kuɗin likkafanin mai sauraronsu. Sarakuna da hakimai da masu gari, kasuwannin nan a ƙasarku suke ci. Malamai su faɗa a huɗuba cewa ambaton Allah da salati a bakin mai talla ba ya halatta yaudara, kuma wanda ya sayar da abin da ya san bai san illarsa ba, haƙƙin rai yana wuyansa. Masu maganin gargajiya na gaskiya, waɗanda suka gada suka kuma san iyakarsu, su ne ya kamata su fara tona asirin waɗannan 'yan kasuwa, don sunansu ake ɓatawa.

Kai kuma maigida, ke kuma uwargida, ku riƙe wannan. Kada ku sha abin da ba a faɗa muku sunan kowane ganye da ke cikinsa ba. Kada ku ba jariri ko mai ciki. Cushewar ciki tana sauka da yawan shan ruwa da cin ganye, zogale da rama da kuka da kuɓewa, da wake, da motsa jiki. Ƙwarnafi yana raguwa idan an rage yaji da maiƙo da shayi mai kauri a kan yunwa, aka daina kwanciya da zarar an cika ciki. Yaro mai zawo a ba shi ruwan gishiri da sukari na likita, da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da ba shi nono. In babu na likita, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta.

Idan kuwa kuka ga aman jini, ko baƙin bayan gida kamar kwalta, ko ciki ya ɗaure ba ya taɓuwa, ko amai tare da tsayawar bayan gida da tusa, ko zazzaɓin da ya wuce kwana uku da ciwon ciki, ko ido ya yi rawaya, ko fitsari ya ɗauke, ko rama ba dalili, to a sauke tukunyar daga wuta a nemi abin hawa a wannan sa'a.  Kuma ku faɗa wa likita gaskiyar abin da aka sha, ku tafi masa da ragowar ƙullin. Wanda ya sayar muku ba zai raka ku asibiti ba; ranar da kuke neman jinin da za a ƙara wa ɗanku, shi yana wata kasuwar yana kirari.