Kofin da Ba a Shan Shayi da Shi: Adana ko Rowa?

A ƙasar Ingila akwai mutanen da ke ƙarar da dukiya da lokaci wajen bin kasuwannin gwanjo, suna tara tsofaffin kofuna da butocin shayi na tangaran ɗin ƙashi. Idan sun samu, sai su jera su cikin kabad mai gilashi, su kulle. Tambayar da wannan maƙala ke son tayarwa ita ce: shin wanda ya hana kofi aikin da aka yi shi dominsa, adana shi ya yi ko rowarsa?

Ya kamata mu fara sanin abin da ake tarawa. Tun a 1748 Thomas Frye ya gwada cuɗa tokar ƙashi da yumɓu a Bow, gabashin Landan, amma masana'antar Josiah Spode da ke Stoke-on-Trent ce ta daidaita haɗin a shekarun 1790. Kusan rabinsa tokar ƙashin shanu ce, saura kuwa farin yumɓu da garin dutse. Abin da ke fitowa daga wuta tangaran ne fari fat, marar kauri har haske na ratsa shi, amma mai ƙwari.

Mai tarawa yana da hujjarsa. Tsohuwar masana'antar Spode ta rufe a 2008, kuma tun 2002 aka mayar da aikin Royal Albert zuwa Indonesiya. Saboda haka duk tsohon kofin da ya fashe ya tafi ke nan. Bugu da ƙari, kowane kofi shaida ne ga ma'aikatan da ƙurar masana'anta ta cinye wa huhu, da matan da suka ƙawata shi da furanni. Wanda ya kiyaye shi ya kiyaye guminsu.

Sai dai masu iya magana sun ce gani ba ci ba. An ƙera kofin ne domin ya haɗa mutane a kan shayi, kuma darajarsa tana cikin wannan hidima. Idan tsoron fashewa ya hana shi fitowa, to mai shi ya koma gadin dukiyarsa, yana farin ciki da abin da wani ya rasa.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan al'amari, domin jeren kwanuka a ɗakin amarya ma ba don cin tuwo ake yin sa ba. Amma jere ana buɗe shi ga 'yan ganin ɗaki, kuma idan ta ɓaci a sayar a rufa asiri.

A nan ne mizanin yake. Wanda ya san tarihin kayansa, yake nuna su ga mai son sani, yake kuma iya zuba wa baƙo shayi a cikinsu ko da sau ɗaya a shekara, mai riƙon amana ne. Wanda ya kulle don a ce shi kaɗai ke da su, marowaci ne, komai kyan kabad ɗinsa.